Jar Motar Pompiye

Ina ɗan lakwal a Damagaram, kullum hanyata ta gaban barikin 'yan kwana-kwana take bi, waɗanda muke kira pompiye. Sojoji ne. Jar motarsu na ƙarƙashin rumfa a goge tas, su kuwa suna inuwa suna dafa shayi. Lambarsu 18, ko yaro ya san ta. Ban taɓa ganinsu a bakin aiki ba sai hunturun da na je hutu ƙauyenmu, gabas da Mirya.

Bayan la'asar ne garwashi ya yi tsalle daga murhu ya kama zana. Iska ta ɗauka, wannan danga ta miƙa wa waccan. Ba a daɗe da gama kaka ba, rumbuna cike suke da damman gero. Mata na salati suna fid da yara, maza na watsa rairayi da ƙwarya. Wani ya hau babur sai Mirya, can aka buga waya.

Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne, daga nan sai rairayi. Da muka ji jiniya, rumbu uku na kakana sun riga sun zama toka. Pompiye suka ja mesa, suka tare wutar kafin ta kai masallaci, ana cikin haka tanki ya ƙare.

Babbansu ya rusuna gaban kakana. "Baba, ina tafkinku?"

"Ɗana, ya ƙafe. Sai rijiya."

Na ga sojan ya yi shiru. Ya san zancen, don birnin da ya fito ma haka yake: a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Faransawa suka mai da hedkwata Yamai a 1926, ruwan famfonsa kuma daga Gogo, Macaya da Arunguza ake jawo shi. Sai ya tuɓe hularsa ya kama guga. Muka jeru daga bakin rijiya, tulu na bin hannu, soja da tsohuwa da ni, har aka kira isha'i.

Washegari na tarar da Inna durƙushe cikin toka tana tsince zangarniyar da ba ta ƙone duka ba. Furar da ta dama mana da ita ƙauri take yi, muka sha.