Mittenwald, Garin Masu Sassaƙa Goge

Mittenwald ƙaramin gari ne a jihar Bavariya, can ƙuryar kudancin Jamus, dab da iyakar Ostiriya. Yana kwance a kwarin kogin Isar, duwatsun Karwendel kuma sun yi masa rumfa, har rana kan makara kafin ta leƙo cikinsa da hunturu. Mutanensa kimanin 7,000 ne. Arewa da shi akwai ƙauyukan Krün da Wallgau, inda ake hawa da shanu kan tsauni da bazara, a sauko da su kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Ƙasar ba ta noman kirki ba ce, saboda haka tun asali fatauci ya riƙe garin. A shekarar 1487 fataken Benis suka ɗauke kasuwarsu daga Bozen suka kawo ta nan. Masu masauki da masu dako suka yi arziki. A 1679 kasuwar ta koma inda ta fito, aka bar mutanen gari riƙe da haɓa.

Cikin wannan hali ne Matthias Klotz, wanda aka haifa a 1653, ya komo gida da sana'ar da ya koyo a Italiya, wato sassaƙa gogen Turawa. Itacen da ake bukata yana nan a gindin duwatsu. Sanyi kan hana shi saurin girma, sai ya yi tsauri, ya ba da amo mai daɗi. Klotz bai ɓoye iliminsa ba. Ya koya wa 'ya'yansa da na maƙwabta, har sana'ar ta game gari.

Amma abin da ya fi dacewa mai shirin zama malami ya lura da shi ya faru ne daga baya. Da ciniki ya buɗe, sai dillalai suka rarraba aikin: wannan ya sassaƙa wuya, wancan ya fafe ciki, wani ya shafa fenti. Kaya suka yawaita, gwanaye suka ƙaranta, domin yaro kan girma bai taɓa haɗa goge guda daga farko har ƙarshe ba. Wannan ba koyarwa ba ce, horon 'yan ƙwadago ne. Don haka a 1858, zamanin Sarki Maximilian na Biyu, hukuma ta kafa makarantar koyon sana'ar a garin, domin ɗalibi ya san aikin ɗungurungum. Makarantar tana nan har yau, ɗalibai kuma na zuwa mata daga ƙasashe daban-daban.