Katin Shekara

Wa'adin katinmu na shiga Disneyland da ke Anaheim ya kusa cika, ni kuwa ina ta jan ƙafa wajen sabuntawa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma ba shi ya tsayar da ni ba. Tun 2021, da aka kawo tsarin katin shekara na Magic Key, sai an kama rana kafin a je, kuma mun saba da hakan. Yara ne suka girma. Autata, wadda a da take ɗaga dugadugai a jikin ma'aunin tsayi don a bar ta ta hau jirgin wasa na Matterhorn, yanzu rakiyar ƙawayenta ta fi so. Nata dai zan sabunta. Nawa kuwa, sai na tambaye ta tukuna ko har yanzu tana so in riƙa zuwa.