Sabon Oga Ba Ya Jin Magiya

Ku matso kusa, ƙawayena, ke kuma 'yar uwa ajiye wayar nan, yau gulmar oga za mu yi, amma ba ogan da muka saba yi da shi ba. Wannan ba ya makara, ba ya tafiya hutu, ba ya kwaso fushin gida da safe ya zo ya sauke a kanmu. Ƙirƙirarriyar basira ce fa, wai ita za ta riƙa raba mana aiki, tana duba wa ta gama rahoto, wa take gyangyaɗi a gaban kwamfuta. Oh ni 'yasu!

Kar ku ce zolaya nake. A 2022 kamfanin NetDragon na China, masu yin wasannin kwamfuta, suka naɗa wata manhaja shugabar wani reshensu, har da raɗa mata suna, Tang Yu. A Satumban 2025 kuma firaministan Albaniya, Edi Rama, ya gabatar da wata manhajar mai suna Diella a matsayin ministar da za ta kula da bayar da kwangiloli, aka yi mata siffar mace cikin kayan gargajiyarsu, wai ita ba ta karɓar na goro. Na ga kuna kallon juna, ni dai ban ce komai ba, hahaha!

Mu faɗi gaskiya tunda mu kaɗai ne, abin ya ɗan kwanta mana a rai. Oga marar 'yan gaban goshi, wanda ba ruwansa da 'yar wane ce ke, mai kai masa tsegumi ma ba ta samun ƙarin girma, wa zai ƙi? Sai dai a 2018 Reuters ta ba da labarin manhajar da Amazon ya ƙera don tace masu neman aiki. An koya mata da takardun shekara goma, akasarinsu na maza, sai baiwar Allah ta fara rage wa takarda maki in ta ga alamar ƙungiyar mata a ciki. Dole aka watsar da ita. Ashe son kan da muke gudu gadonsa ta ci, hmm.

Ni abin da ke sosa mini rai ma daban ne. Kun san safiyar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ki shigo ofis ido ya yi ja, oga ya ɗago kai, duk da halinsa, ya ce, "Malama, je ki gida, Allah ya ƙara sauƙi." Ita na'ura abin da za ta gani shi ne an makara, saƙonni sun taru ba amsa. Ga shi aikinmu na tunani ne, sau nawa za ki yi tagumi kina kallon bango, alhali a lokacin ne maganar take nuna a kanki? Wajenta kuwa zaman banza kike. To wa za a yi wa magiya, wane dattijo za a tura ya ba da haƙuri? In takardar sallama ta zo, kowa ya ɗage kafaɗa ya ce ai na'ura ce ta yanke, wanda ya saita ta yana can sama yana shan sanyi. Kai, duniya!

Turawa ma sun tsorata fa. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Agustan 2024 ta sa manhajojin ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma da kora cikin masu babban haɗari, ta kuma hana a sa na'ura ta riƙa karanta yanayin zuciyar ma'aikaci a wurin aiki. Da ta karanta tamu ranar Litinin, ai da an sallame mu duka, hahaha! A nan Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum 'yancin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa in ya shafi haƙƙinsa.

Don haka, 'yan uwana, ranar da aka kawo ta ofishinku, ku bar ta ta tsara jadawali ta haɗa lissafi, amma ku tambaya da babbar murya wane ɗan Adam ne zai sa hannu a takardar ƙarin girma da ta sallama. In kunya ta hana ku, ku kira ni mu shiga tare.