Bashin Ƙurunƙus: Ra'ayin Wani Mai Koyon Rubutun Wasan Talabijin A Kan Wasannin Da Ake Yankewa

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa tatsuniya tana da ƙofa biyu, watau ta shiga da ta fita. Idan mai ba da ita ta ce ga ta nan ga ta nanku, to, ta ɗauki alkawari ke nan, kuma ba ta sauke shi ba sai ta kai ga ƙurunƙus. Tsohuwar da ta saba barin Gizo a cikin rijiya ta tafi ta kwanta, ba za a daɗe ba za ta rasa jikokin da za su zauna gabanta. A kan wannan ƙa'ida ce wani saurayi mazaunin Kakuri, a kudancin kogin Kaduna, ya gina ra'ayinsa game da wasannin kwaikwayo na talabijin, musamman waɗanda akan yanke tun ba su kai ƙarshe ba. Saurayin nan malamin makarantar firamare ne, amma burinsa shi ne ya zama marubucin wasan talabijin, kuma yana da wasa guda kammalalle a hannu wanda har yanzu bai sami mai ɗauka ba.

Wasannin da suka fi damunsa ba su ne na zaman gida da soyayya da kishi ba, domin waɗannan suna da gata. Damuwarsa tana kan wasannin da ke da jinsi na musamman, watau na bin diddigin laifi, da na aljanu da sihiri, da na jarumtaka, da kuma na ƙagaggen kimiyya irin na tafiya sararin samaniya. Yakan ce masu ganin irin waɗannan labarai baƙi ne a Hausa ba su duba kantar littattafai da kyau ba. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, labarin yaƙi ne da aljanu. Da'u Fataken Dare na Tanko Zango labarin ɓarayi ne da bin sawunsu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa labarin jarumi ne, shi kuwa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya kai mai karatu har sararin samaniya tun a 1969. Ashe ke nan iri yana nan, gonar ce talabijin bai ba shi ba.

Kaduna kuwa ba baƙuwa ba ce a sha'anin wasan talabijin. Bayan da aka buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, sai gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, kafin a tattara gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. A nan ne aka haifi Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi a cikin shekarun 1970, a nan ne kuma Ƙasimu Yero ya yi suna da Karambana. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi kuma a 2023, Allah ya jiƙansu. Abin da saurayin nan ya lura da shi game da wasanninsu shi ne, kowane kashi yana tsaye da ƙafarsa. Samanja zai shiga rigima a farkon shiri, ya fita daga cikinta kafin lokaci ya cika, a mako mai zuwa kuma a ɗauko wata sabuwa. Saboda haka ranar da aka daina nuna shi, masu kallo sun yi kewa, amma ba wanda ya bi shi bashi. Wasan bin diddigin laifi ba haka yake ba. Da zarar an nuna gawa a kashi na farko, to, marubuci ya ci bashin mai kallo, kuma sunan wanda ya yi kisan shi ne kuɗin biya. In aka yanke wasan a kashi na bakwai, an gudu da bashi ke nan.

To, wa ke yanke wasa? A ganinsa da wuya a ce masu kallo ne. Misalin da yakan kawo shi ne Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara a 1980 daga Jos, a lokacin shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shehu Shagari, bankin UBA kuma ya ɗauki nauyinsa. Sadiq Daba da Ƙasimu Yero duk sun fito a ciki, kuma ya tsaya bayan kashi 104, alhali har yau waɗanda suka kalle shi ba su daina zancensa ba. Darasin da ya ɗauka shi ne, ran wasa yana hannun wanda ke biya, ba hannun wanda ke kallo ba. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan aiki suka yi tsada, aka kuma matsa wa gidajen talabijin su nemi kuɗin shiga da kansu. Daga nan sayen tsohon wasa daga ƙasashen waje ya fi shirya sabo a gida arha, sai wasannin soyayya na Meziko suka cika akwatunan mutane a cikin shekarun 1990.

Wannan ciwo ba na Nijeriya kaɗai ba ne. A Amurka, wasan Star Trek ya fara a gidan NBC a 1966, masu ƙaunarsa suka yi ta aika wasiƙu a 1968 don kada a kashe shi, aka ƙara masa zango guda, sa'an nan aka yanke shi a 1969 bayan kashi 79. Daga baya ne fa, da aka yi ta maimaita shi, aka gane irin dukiyar da aka zubar. Haka kuma Firefly na gidan Fox a 2002, an shirya kashi 14, aka nuna 11 aka dakatar, sai da aka yi fim ɗin Serenity a 2005 kafin masu kallo su sami wani abu mai kama da ƙurunƙus. Saurayin nan yana ganin dalilin guda ne ko'ina. Wasa mai jinsi na musamman yakan sami masoya kaɗan amma masu tsananin so, shi kuwa mai talla kawuna yake ƙidayawa, ba ya auna zurfin ƙauna. Mutum dubu da suka bar akwati a kunne suna hira sun fi masa mutum ɗari da suka hana kowa tari a ɗaki.

A wannan zamani kuma al'amarin ya sake salo. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa a 2015 da Kwana Casa'in a 2019, Aminu Saira ya fito da Labarina a 2020, masu shirya fim da yawa kuma suka koma sakin wasanninsu mako-mako a YouTube. Masu iya tsayar da wasa suka ƙaru. A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta ba da sanarwar dakatar da wasanni 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta duba ba kafin a nuna. Amma abin da ya fi ba saurayin nan tsoro shi ne abin da yake kira mutuwa ta biyu. Ta farko ita ce a yanke wasa yana da rai. Ta biyu kuwa ita ce a hana shi mutuwa bayan ransa ya fita. Muddin adadin masu kallo yana kawo kuɗi, sai a yi ta jan labari kamar ƙiren roba, a dawo da wanda aka binne, a ƙara wa mai gida mata, har mai kallo ya manta abin da ya zaunar da shi tun farko. Duka biyun, in ji shi, rashin biyan bashi ne. Ɗaya ya gudu, ɗayan kuma kullum yana cewa gobe.

Wasan da ya rubuta kashi 13 ne, kuma a Kakuri aka gina shi. Mahaifinsa ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun unguwar, tun lokacin da jiniyar canjin aiki ke cika titi da kekuna. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007, manyan gine-gine suka zama kango. Jarumin wasan tsohon soja ne mai gadin irin wannan kango, wanda ya tsinci katin aikin wani ma'aikaci da ya ɓace shekaru da dama, ya kuwa rantse sai ya gano abin da ya same shi. Binciken yana tilasta masa haye gadar kogin Kaduna a kowane kashi, a garin da rikicin Fabrairu na 2000 da na Nuwamba na 2002 suka sa Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa kuma suka koma kudu. Harshen wasan shi ne Hausar Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha, wadda Bajju da Atyap da Gbagyi da Tibi da Idoma ke ciniki da faɗa da sulhu da ita, ƙanwar Hausar bariki da Samanja ya ɗaukaka.

Ya kai wa wani furodusa wannan rubutu, mutumin ya karanta, ya yaba, sa'an nan ya kawo sharaɗi. Ya ce, "Malam, labarinka ya yi, amma ka cire kashi na ƙarshe. Kada mai gadin nan ya gano komai tukuna. Ka ba shi 'ya budurwa, ka kawo mata masoya biyu, in kasuwa ta karɓa sai mu yi ta tafiya." Saurayin ya ce, "Ranka ya daɗe, in kasuwa ba ta karɓa ba fa?" Furodusa ya ce, "Sai mu tsaya inda kuɗi ya tsaya." A cikin wannan amsa guda saurayin ya ga mutuwar nan biyu suna jiran wasansa, sai ya yi godiya ya ɗauki takardunsa.

Sai dai ba ya ɗaukar furodusan a matsayin azzalumi, kuma a nan ne ra'ayinsa ya bambanta da na masu zagin 'yan kasuwa. Wani dattijo maƙwabcinsu, wanda ya yi ritaya daga aikin kyamara, ya taɓa zaunar da shi ya yi masa lissafi. Ya ce, "Ɗana, wasan kishiya falo ɗaya yake bukata da kujeru uku. Naka kuwa dare yake so, dare kuma fitila yake so, fitila tana son janareto, janareto yana son mai. Ga kakin 'yan sanda, ga izinin ɗauka a kan gada, ga motar da za a bi da gudu. Wanda zai zuba wannan kuɗi dole ya tambayi ta inda zai dawo." Saurayin ya yarda da wannan lissafi ɗari bisa ɗari. Abin da ya fitar daga ciki shi ne, tun da marubuci ba shi da iko a kan aljihun mai kuɗi, to, ya riƙe abin da yake da iko a kai, watau ginin labarinsa.

Dabarar wannan gini kuwa a wurin Abubakar Imam ya same ta. A littafi na farko na Magana Jari Ce, Aku yana ba Musa labarai don ya tsare shi a gida, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari yana da kansa da wutsiyarsa, amma akwai babban zare da ya ɗaure su, wanda shi ma aka ƙulle shi a ƙarshe. Wannan ne ya sa littafin ya zauna daram da NTA ta mayar da shi wasan talabijin a cikin shekarun 1980. Ya kwatanta wannan da dabarar Shaharzadu ta Dare Dubu Da Ɗaya, wadda ke yanke labari da asuba don sarki ya bar ta da rai. Yakan ce marubucin wasa mai dogon zango na yau Shaharzadu ne, mai talla kuma shi ne sarki. Amma ita ta yi sa'a sarkinta yana sauraron labarin da kunnensa, na yau kuwa alƙaluma kawai yake dubawa. Don haka a wasansa kowane kashi yana warware ƙaramar matsala guda, ɓataccen injin ɗinki ko takardar fili ta jabu, babban sirrin kuma yana buɗewa a kashi na 13, ba ƙari ba ragi. In an yanke shi a tsakiya, mai kallo ya riga ya karɓi wani abu daga bashinsa. In kuwa an so zango na biyu, sai mai gadi ya tsinci wani katin.

Mai karatu yana iya cewa taurin kai ne ga wanda ba a taɓa nuna sunansa a akwati ba ya tsaya yana gindaya sharaɗi, domin mai nema ba ya fushi. Akwai gaskiya a nan, kuma shi kansa ya san cewa takardun nan suna iya tsufa a cikin akwatinsa. Amma hujjarsa ita ce, mutanen da ya rubuta wasan dominsu sun riga sun ga abubuwa da yawa da aka fara ba a gama ba: masaƙar da ta tsaya ana cewa za a farfaɗo da ita, da maƙwabcin da ya haye kogi da niyyar kwana biyu har yau bai dawo ba. Ba ya so labarinsa ya shiga wannan jeri. A halin yanzu yana rage wuraren da ke bukatar dare a cikin rubutun don kuɗin ɗauka ya sauko, yana kuma karanta wa abokansa kashi ɗaya kowace Asabar da yamma. Sun kai kashi na tara, kuma ya hana kowa leƙa na ƙarshe.