Haƙori Ɗaya

Mu uku ne muka gaji a-kori-kurar mahaifinmu, wata tsohuwar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, wadda ke kwana a gefen tashar Jabi. Da ita ake ɗauko doya da masara daga ƙauyukan bayan Bwari, da abin da take samowa kuma ake biya mana kuɗin makaranta. Don haka ranar da ta fara yin "ƙwas" a ƙarƙashinta duk lokacin da aka saki kuloci, mu ma sai da gabanmu ya faɗi.

Bakaniken da muka fara zuwa wurinsa ko durƙusawa bai yi ba. Ya ce aksil ɗin baya ne ya mutu. Muka tattara kuɗin zangon karatu, muka sayo na hannu, aka ɗaura. Ko shataletale ba mu kai ba ƙarar ta dawo. Bayan mako guda kuma, a wata hanyar burji, muka sa mata ƙafa huɗu, sai ta kama turjewa tana ƙugi, tayoyi na kartar ƙasa, kamar an ɗaure shanu biyu a garma ɗaya kowane da inda ya nufa.

Wani dattijon bakanike ne ya warware mana, a wata rumfa da ke bayan tashar. Ya sa duwatsu ya tare tayoyi, ya cire giya, ya shiga ƙarƙashi ya kama farfela da hannu biyu yana murɗawa. Muna ji ta yi "ƙwas". Ya nuna mana jar tsatsa a bakin kuros, wato mahaɗin nan mai kai huɗu da ke ba farfela damar lanƙwasa. Giris ya bushe, boris ɗinsa ya cinye.

"Samari, ga mai laifin nan. Ina tsohon aksil ɗinku?"

"Mun sayar wa 'yan gwangwan, Baba."

Bai ce komai ba, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Ya ɗauko alli ya yi alama a taya da farfela, ya ɗaga ƙafa ɗaya da jak, ya sa ƙaraminmu ya juya tayar sau biyu, shi kuwa yana ƙirga. Farfelar baya ta zaga sau huɗu da ɗan kaɗan, ta gaba sau huɗu da rabi.

A nan muka koyi lissafin da ba a koya mana a aji ba. A cikin tulun aksil akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi. Na gaba haƙori 41 ne a kan 9, wato 4.56. Wanda muka sayo 41 ne a kan 10, wato 4.10. In farfela ta zaga sau 41, tayoyin baya na son juyi 10, na gaba kuwa 9. Shi ya sa motar ke kokawa da kanta, shi ya sa kuma ta rage ƙarfi a hawa in an yi mata lodi, ko da yake, a faɗi gaskiya, a kan titin Kaduna injin ya fi samun sauƙi.

Kuros kam a ranar aka canza shi. Haƙoran kuwa sai da kaka ta yi muka iya sayen masu 41 da 9. Dattijon ya ƙirga su a gabanmu da ɗan yatsa, ya miƙo mana mu ma mu ƙirga. Wanmu bai koma makaranta a wannan zangon ba.