Daga Kotar Kanya Zuwa Kotar Faiba

A gidan maharba ƙarfen bindiga ake saye, kota kuwa yin ta ake yi. Haka na taso na gani a garinmu da ke kudancin Kano, inda Kawu, ƙanen mahaifiyata, yake cikin waɗanda ake fara aika wa goro idan za a fita farauta bayan girbi. Bindigarsa ta toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda dokar makamai ta 1959 ta sa lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda. Maƙeri ke haɗa ƙarfen, amma zancen itace Kawu ba ya bar wa kowa.

Kanya yake so, in ba a samu ba sai maɗaci. Da rani ake sarowa, a jingine a zaure inda rana ba ta kaiwa, a bar shi har damina ta zo ta wuce. Ranar da za a kai wa masassaƙi, Kawu zai ɗaga guntun ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa, ya kara kunne. Sannan ya bi zanen jikin itacen da farce, musamman wurin da zai zama wuyan kota, inda hannu ke kamawa, domin nan take karyewa idan zanen ya gitta bai bi tsawo ba. Shi kuma masassaƙi ba ya ɗora gizago sai ya auna mai bindiga. Zai sa shi ya lanƙwasa hannu, ya gwada da kara daga gwiwar hannu zuwa yatsan da ke jan kunama.

Na taɓa ce masa, "Kawu, me ya sa ba za a sayo sassaƙaƙƙiya a kasuwa ba?"

Ya ce, "Kai yaro, in kota ba ta zauna a kafaɗa ba, ido ƙarya zai yi maka."

Aikina a lokacin shi ne shafa mata man kaɗanya da tsumma, har ta yi duhu tana sheƙi, kuma ƙamshin man nan haɗe da ƙaurin albarushi bai bar hancina ba har yau. Sai dai duk son da nake mata, tana da halinta. Da damina takan kumbura kamar ƙyauren ɗaki, kunama ta yi tauri. Hunturu na busawa ta motse, ƙarfe ya fara girgiza a cikinta, wani lokaci ta tsage a ɗaure da waya.

Karatu ne ya kai ni Amurka, jihar Pensilbaniya, inda ake buɗe farautar barewa da bindiga bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, a da kuwa har makarantun karkara da yawa sukan ba da hutu a ranar farko. Dattijon da nake haya a gidansa maharbi ne tun yana saurayi. Bindigarsa raifil ce ƙirar Remington 700, samfurin da ya fara fitowa a 1962, da kotar itacen walnot mai kyan gani. Kukansa ɗaya ne. Zai daidaita saiti a nisan yadi 100 a watan Oktoba, amma da zarar bindigar ta sha ruwan sama da dusar ƙanƙara, sai harsashi ya riƙa kauce wa inda aka auna. Itacen ne ke shan danshi ya karkace, ya danni bututun, shi kuwa bututu yana rawa ne duk lokacin da harsashi ke ratsa shi, don haka ɗan dannin nan ya isa ya sauya inda zai faɗa. Bindigar Kawu watsa ƙwayoyi take yi daga kusa, kaucewar inci biyu ba ta dame ta ba. Ga mai raifil kuwa, ita ce tsakanin dabbar da ta faɗi nan take da wadda ta gudu da rauni ta je ta mutu cikin wahala. Wannan ne ya hana dattijon barci, kuma don haka na girmama shi.

Kotar da ba ta itace ba ta daɗe a can. Tun 1959 Remington ya fitar da ƙaramar bindigar Nylon 66 da kotar nailan na kamfanin DuPont, kuma a 1973 Gale McMillan ya fara ƙera kota da zaren gilashi, wato faiba, wadda sojojin kundumbalar ruwa na Amurka suka ɗora wa bindigar gwanayen harbinsu. Daga nan maharba suka biyo baya.

Ranar da na raka shi kantin bindigogi na fahimci cewa ba duk baƙar kota ce ɗaya ba. Akwai ta narkakkiyar roba da ake zubawa a mazubi, mai araha. Akwai kuma wadda ake shimfiɗa zaren gilashi ko na kabon hawa-hawa da hannu, ana jiƙa shi da ƙaro har ya sandare. Dattijon ya ɗauki mai arahar, ya matse gabanta da bututun tsakanin babban yatsa da manuni, sai ga ta ta lanƙwasa ta taɓa ƙarfe. Bai ce uffan ba, ya mayar. Ya ɗauki ta faiba ya matsa har yatsunsa suka yi fari, ko gezau. Ya zaro takardar dala ɗaya ya zura ta ƙarƙashin bututun, ta wuce sumul har gindi ba ta maƙale ba. Ya leƙa cikin wata ya nuna mini shimfiɗar alminiyam da ƙarfen bindiga ke kwanciya a kai, wadda ke sa noti ya ɗauru ba tare da ya nutse ba. Daga nan ya ƙwanƙwasa gindinta da yatsa ya kara kunne, don kota mai rami a ciki tana amo idan reshe ya buge ta, barewa kuwa kunne gare ta. A nan ne ƙirjina ya buga, domin tsayuwar Kawu ce sak.

Sai tsawo. Yawancin kotar kanti inci 13 da rabi ce daga kunama zuwa gindi. Dattijon ya sa rigar sanyinsa mai kauri, ya rufe ido, ya ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, ya buɗe ido ya ga ko ya faɗa daidai cikin madubin saiti. Mafi rashin nauyin cikinsu ma ya ƙi ta, ya ce duk abin da aka rage na nauyi kafaɗa ce za ta biya shi a naushi.

Ni dai na yarda faiba mai kyau ta fi itace riƙon amana ga mai raifil; ruwa bai dame ta ba, gara ba ta cin ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayi kota don launinta ko don ta yi kama da ta soja. Kuma ina kewar masassaƙin nan da karansa na awo, domin kamfani bai san tsawon hannunka ba.

Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa ne ke fita yanzu, da bindiga mai harsashi da baƙar kotar roba, da lasisinsa. Da na je gida na karɓi bindigar na matse gaban kotar, na tambaye shi yadda yake jin ta. Ya ce, "Yaya, damina ba ta san da ita ba. Ranar bazara ce matsalar, in ta sha zafi ba ka iya kara mata kunci." Ya kai ta wurin dukawa sun ɗinka mata riga ta jar fata daga wuya zuwa gindi, ya kuma sa an yanke mata kusan rabin inci, don shi bai kai mahaifinsa tsawon hannu ba.