A Bayan Ɗan Jagora

Malam, in ka ga mutane sun yi jerin gwano a bayan ɗan jagora cikin birnin Kano, duba inda idanunsu suke. Duk sama suke kallo. Ya nuna saman ƙofa, su ɗaga kai. Ya nuna zankon soro, su ɗaga waya. Ƙasar da suke takawa kuwa ba mai duban ta.

Yawon yakan fara daga Gidan Makama. Nan ake jero sunaye da shekaru. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarauta a 1463, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarki, ya kafa Kasuwar Kurmi. Turawa suka ci birnin a 1903. Baƙi na ta gyaɗa kai. A gefensu ga tsohon ƙyauren ƙofar gari a tsaye, ba abin da yake rufewa.

Daga nan sai ƙofofi. A da kowacce da sarkin ƙofarta, ya kulle da almuru, ya buɗe da asuba. Yau a Ƙofar Nasarawa gadar sama ce ke ɗauke da motoci. Badalar da ta haɗa ƙofofin kuma an gwaigwaye ta. Nan an kafa shago, can an kwashe ƙasar an yi gini. Inda ta rage, awaki ne ke shan hantsi a kai.

Akwai wurin da jagora ba ya son tsayawa, saboda wari. Kududdufi ke nan. Ni kuwa a nan nake so a tsaya. Ganuwa da gidajen birni ai ba daga sama suka faɗo ba. Ƙasa aka haƙa, aka kwaɓa, aka mulmula tubali. Duk ramin da ka gani, katangar wani ce ta fito daga cikinsa. In damina ta zo, ramin ya riƙe wa unguwa ruwanta. Yanzu ana cike su da shara, ana yanka filaye. Ruwan da ya rasa masauki, ɗakin tsohuwa yake shiga cikin dare.

A marinar Ƙofar Mata, allo ya ce an kafa ta a 1498. Kowa sai ya ɗauki hoton allon. Wani marini na zaune a bakin rami, bai ɗago ba. Baba da toka da katsi ya haɗa, ya bar su kwanaki har suka nuna. Ya tsoma ƙyalle, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa. Ƙyallen kore-kore yake fitowa, a gaban idonka yake rikiɗa shuɗi. Ramuka da yawa a kewayensa sun bushe, leda ta cika su. Nasa yana kumfa.

Kurmi ce ƙarshen tafiya. Lungunanta an yi su daidai jaki da ɗan dako, dole a bi ɗaya bayan ɗaya. Unguwannin birni suna faɗa maka su wa suka zo fatauci suka zauna: Zangon Barebari, Tudun Nufawa. Wani Bajamushe mai suna Barth ya zaga kasuwar a 1851, ya rubuta labarin tufafin Kano da ake kaiwa har Tambutu. Jagora ya tsaya a layin kayan doki yana cewa a da nan ake sayen sirdi da linzami. A bayansa wani dattijo ya juya likkafa a hannu, ya taya. Mai rumfa ya ce albarka.